Yadda Ake Ƙyanƙyasar 'Ya'yan Tarwada, Daga Gwajin Ruwa Zuwa Lissafin Riba

Tambaya biyu masu kiwon kifi suka fi yawan aikowa: yaya ake ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada a gida, kuma shin akwai riba a ciki? Akwai riba, amma ba a yawan ƙwai take ba. Uwa ɗaya mai kilo guda tana iya ba ka ƙwai dubu sittin zuwa sama, wannan ba abin wahala ba ne. Abin da ke raba mai riba da mai asara shi ne guda nawa suka rayu har mako huɗu zuwa shida, da kuma ko akwai mai saye a ranar da suka isa sayarwa. Ga matakan bi da bi.

1. Gwada ruwan wurin kafin ka sayi bulo ko ɗaya

Da yawa daga ɗakunan ƙyanƙyasa da aka rufe, matsalar ruwa ce ta sa aka rufe su. Babbar tarwada tana da juriya, tana rayuwa ko a ruwan kwata saboda tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska. Jaririyarta ba ta da wannan damar sai ta kai wajen mako biyu zuwa uku, lokacin da gaɓar shaƙar iskar ke gama tsirowa. Kafin nan, iskar da ke narke cikin ruwa kaɗai ta dogara da ita. Don haka ruwan da manyan kifinka ke walwala a ciki ba shaida ba ne cewa zai yi ƙyanƙyasa.

Abu huɗu za ka duba. Na farko pH, wato tsami ko kaifin ruwan: ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8. Ana sayar da ɗan ruwan gwaji ko takardar gwaji a shagunan kayan kifi. Na biyu zafi: digiri 26 zuwa 30, kuma a auna da asuba da kuma la'asar, ba sau ɗaya ba. Na uku ƙarfe: ɗebi ruwan a farin bokiti ka bar shi ya kwana a buɗe, in ka tarar ya yi ja-ja ko tsatsa ta kwanta a ƙasa, akwai ƙarfe, kuma yana toshe wa jarirai hanyar numfashi. Irin wannan ruwan sai an watsa shi ya sha iska, ya kwanta, an tace da yashi da gawayi. Na huɗu yawa: tankin ƙyanƙyasa ɗaya da ruwa ke bi ta cikinsa lita 1 zuwa 2 a minti yana shan lita 1,440 zuwa 2,880 a yini da kwana. Tanki huɗu ke nan kana neman lita 6,000 zuwa sama da 11,000 kullum. Rijiyar da ke ja da baya a watan Afrilu ba za ta riƙe wannan ba.

Ruwan rijiyar burtsatse ya fi kowanne tsabta, sai dai yana fitowa ba iska a cikinsa. A tura shi tankin sama ta yadda zai zubo yana fantsama, ya huta kafin ya sauko. Ruwan famfo na gwamnati yana da sinadarin kulorin, sai ya kwana biyu a buɗe.

Gargaɗi: kada ka jawo ruwan kwalbatin noman rani kai tsaye zuwa ɗakin ƙyanƙyasa, kamar na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam da ke zuwa daga madatsar Tiga. Yana iya ɗauko maganin feshi daga gonakin shinkafa da tumatir, da ƙwayoyin cuta daga kifin daji. Haka duk wurin da ke ƙasa da magudanar masana'antu, irin su bakin kogin Challawa inda ruwan jima ke zuba.

Gwaji na ƙarshe, kuma mafi gaskiya: sayo 'yan jarirai ɗari biyu daga wani mai ƙyanƙyasa, ka riƙe su mako ɗaya a ruwanka. In sun rayu suna ci, ka ci gaba. Mai son tabbaci na ɗakin gwaji yana iya kai samfurin ruwa da ƙasa sashen kifi ko na kimiyyar ƙasa a jami'a mafi kusa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa a Jihar Neja, kusa da tafkin Kainji, kuma ana koyar da wannan sana'a a can.

2. In za ka haƙa kududdufin raino, gwada ƙasar

Wannan na wanda zai kai jarirai kududdufin ƙasa ne bayan mako biyu. Mai raino a tanki zalla ya wuce zuwa mataki na gaba.

Haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya. Ɗebi ƙasar can ƙasa, jiƙa ta, dunƙula, ka jefa sama ka cafe. In ta tsaya a dunƙule akwai yumɓu isasshe. In ta warwatse, jigawa ce, ruwa ba zai zauna ba. Sai ka cika ramin da ruwa da safe, ka ƙara cikawa da yamma bayan ƙasa ta sha, ka rufe bakin da ganye ko katako. Washegari in mafi yawan ruwan na nan, wurin ya yi. A yi wannan a wuri uku ko huɗu a filin, domin fili ɗaya yana iya zama laka a gabas, yashi a yamma.

Tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. Fadama tana riƙe ruwa, amma ambaliyar dare ɗaya tana kwashe aikin wata biyu. Tambayi kuma abin da aka noma a wurin da irin maganin da aka zuba.

3. Ɗaki da kayan aiki

Ɗaki rufaffe mai inuwa, wanda iska ba ta kaɗawa ta ratsa shi. Tankuna marasa zurfi, kamar mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi, zurfin santimita 40 zuwa 50, kowanne da bututun shigar ruwa a gefe ɗaya da na fita a ɗaya gefen, an rufe bakin na fitar da raga mai laushi. Na siminti, na roba, ko akwatin katako da aka shimfiɗa wa tamfol, duk suna yi. Mai farawa ya nemi aƙalla huɗu: biyu na ƙyanƙyasa, biyu na rarraba jarirai in sun fara girma. Shida ya fi.

Sauran kaya: sikeli babba na kilo da ƙarami na giram, ma'aunin zafin ruwa, sirinji mai mil 2 ko 5, busassun kwanukan roba, sabuwar reza da almakashi, tawul biyu, cokalin roba ko gashin kaza mai tsabta, ragar gidan sauro da aka ɗaure a firam na bututun roba don shimfiɗa ƙwai, siririn tiyo na zuƙe datti, ƙananan koma masu laushi, gishiri, da fitila mai caji.

Gargaɗi: sabon siminti yana kashe jarirai saboda kaifin da yake saki a ruwa. Cika tankin, bar shi ya jiƙu mako biyu kana canza ruwan, ka goge, sannan ka auna pH. Ragar gidan sauro kuma kada ta zama irin wadda ake rabawa a asibiti mai magani a jiki. Maganin sauron nan guba ne ga kifi, kuma wanki ba ya fitar da shi duka.

4. Zaɓen iyaye

Nemi iyayen da suka haura shekara ɗaya. Mace mai kilo 1 zuwa 2 ta fi sauƙin riƙewa da tatsar ƙwai. Namiji ya fi kyau ya kai shekara ɗaya da rabi, don a nan ne ake samun maniyyi mai kauri. Ana gane namiji da ɗan tsiro mai tsini a bayan duburarsa. Al'aurar mace a zagaye take, in ta nuna takan kumbura ta yi ja-ja.

Macen da ta shirya cikinta ya cika, ya yi laushi. Danna kaɗan a hankali zuwa ƙasa, 'yan ƙwai za su fito. Ana son su zama girmansu ɗaya, launin kore-kore mai ruwan ƙasa, suna rabuwa da juna. In farare ne ko sun narke kamar koko, ta wuce. In ba su fito ba sai da ƙarfi, ba ta kai ba.

Kada ka haɗa mace da namiji 'yan ciki ɗaya. Sayo mata a gona ɗaya, maza a wata. Auren gida a kifi yana kawo masu lanƙwasasshen baya da masu ƙin girma, kuma mai saye ba zai gane ba sai bayan wata uku, daga nan kuma ba zai sake dawowa wurinka ba. Ga kowane mata biyu tanadi maza biyu ko uku, domin sai an buɗe cikin namiji ake sanin ko yana da abin kirki.

In daga nesa ka kawo su, bar su su huta kwana biyu ko uku a ruwanka. Daina ba su abinci kwana ɗaya kafin allura, don kada kashi ya gauraya da ƙwai wajen tatsa.

5. Allura

Tarwada ba ta zubar da ƙwai da kanta a tanki, sai an yi mata allurar da ke nunar da su. Waɗanda aka fi samu a kasuwa su ne Ovaprim da Ovulin. Ma'auninsu rabin mil ga kowane kilo ɗaya na nauyin mace: mai kilo 1.4 za ta sha mil 0.7. Kwalba mai mil 10 ke nan tana isar kilo 20 na mata. Duba ranar lalacewa, ka ajiye ta wuri mai sanyi da duhu.

Auna macen a sikeli, kada ka yi kirdado. Rufe kanta da jiƙaƙƙen tawul, za ta natsu. Soka allurar a tsokar baya, ƙasa kaɗan da ƙayar gadon baya, a karkace, zurfin kamar santimita biyu. Tura maganin a hankali, ka zare, ka murza wurin da yatsa don kada ya dawo. Rubuta lokacin a takarda.

Kowace mace a mazubinta daban, da ruwa daidai rufe baya, a rufe da murfi mai nauyi. In ka haɗa su za su yi ta cizon juna, in ka bar bakin a buɗe za ka tarar da ita a ƙasa da safe, ƙwai a watse.

Lokacin jira ya danganta da zafin ruwa. A digiri 27 zuwa 29 fara dubawa daga awa takwas. Yawanci tsakanin awa 9 da 12 ake samu. In ruwa ya yi sanyi ƙasa da 25 zai ja fiye da haka. Shi ya sa ake yin allura da misalin ƙarfe tara ko goma na dare, a tatsa da hantsi. Alamar ta kai: ka taɓa cikin kaɗan ƙwai su zubo da kansu.

Gargaɗi: in ka yi gaggawa ƙwai ba za su fito da yawa ba, kuma waɗanda suka fito ba su nuna ba. In ka makara da awa biyu ko uku, sun wuce, za su yi fari a kan raga. Daga awa na takwas a riƙa dubawa duk rabin awa.

6. Cire maniyyi, tatsa, da haɗawa

Wannan matakin minti biyar ne, amma a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Ka'ida ɗaya ce: kada ɗigon ruwa ya taɓa ƙwai ko maniyyi kafin a haɗa su. Ruwa ne ke tayar da maniyyin, kuma da ya tashi ƙarfinsa bai wuce kamar minti ɗaya ba. Ƙwai ma da sun sha ruwa ƙofarsu ke rufewa.

Fara shirya ruwan gishiri: giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ko ka sayi ledar ruwan gishiri ta ƙarin ruwa a kemis, wadda ba ta da sukari. A cikin wannan ruwan maniyyi yana zama da rai ba tare da ya tashi ba.

Sai ka tabbatar macen ta kai kafin ka yanka namiji. Yanka shi, tsaga cikin daga dubura zuwa sama a hankali, kawar da hanji, za ka ga 'ya'yan maraina biyu dogaye a manne da baya. Mai kyau ya cika, gefensa fari kamar madara. In siriri ne mai ja-ja ko ruwa-ruwa, ɗauko namiji na biyu. Ciro su, goge jini da takarda mai laushi, tsattsaga gefen da reza a kan busasshen kofi, ka matse, ka wanke ragowar da ɗan ruwan gishirin nan.

Mutum biyu ke tatsa. Ɗaya ya riƙe kai da tawul, ɗaya ya goge jikin macen ya bushe, ya riƙe wutsiya, ya shafo cikin daga ƙirji zuwa ƙasa, ƙwai na zuba a busasshen kwano. Da ka ga jini, tsaya. Auna ƙwan: giram ɗaya yana ɗauke da ƙwai wajen 600 zuwa 700, kuma mace mai kyau tana ba da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Rubuta nauyin, da shi za ka yi lissafi daga baya.

Zuba maniyyin a kan ƙwai, juya a hankali da gashin kaza ko cokalin roba har ya game. Sai ka zuba ruwa mai tsabta daidai rufe ƙwan, ka ci gaba da juyawa minti ɗaya. Kada ka wuce haka, domin ƙwan tarwada yana yin danƙo, zai dunƙule a kwano.

Macen da aka tatsa a sa ta a ruwa mai ɗan gishiri ita kaɗai ta warke. In ana ciyar da ita da kyau, bayan wata biyu zuwa uku tana iya sake bayarwa.

7. Shimfiɗa ƙwai da jiran ƙyanƙyasa

Tun kafin tatsa ragar tana cikin tanki, ruwa zurfin santimita 10 zuwa 15, ragar tana ɗan ƙasa da saman ruwa. Watsa ƙwan a kai shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani. Inda suka taru, na ƙasa ba ya samun iska, ya mutu, ya ruɓe, ya kashe na kusa da shi. Ƙwan uwa ɗaya mai kilo guda a raba shi tanki biyu. Cusa shi duka a tanki ɗaya shi ne kuskuren da masu farawa suka fi yi.

Buɗe ruwa ya riƙa ɗiga a hankali yana fita ta ɗaya gefen, ba da ƙarfin da zai kaɗa ƙwai ba. Bayan wasu awanni waɗanda ba su ɗauka ba za su yi fari, masu rai suna nan kore-kore garai. A digiri 28 zuwa 30 suna ƙyanƙyashewa cikin awa 20 zuwa 24. A digiri 25 sai sun haura kwana ɗaya. Jariran za su faɗa ƙasa ta hudojin ragar. Da mafi yawa sun fita, ɗage ragar a hankali da duk matattun ƙwan da ke kai, ka fitar da ita daga ɗakin. Kada ka tsaya jiran 'yan ragowar. Farin ƙwai yana fitar da wata furfura mai kama da auduga, kuma warinsa kaɗai alama ce ruwa ya fara lalacewa.

Rufe rabin tankin da katako ko baƙar leda. Masu lafiya suna gudun haske, za su taru a duhu. Ɓawon ƙwai da nakasassu za su rage a fili, sai ka zuƙe su da tiyo.

Gargaɗi kan hunturu: daga Disamba zuwa farkon Fabrairu ruwa a Kano, Zariya, Jos ko Damagaram yana iya sauka ƙasa da digiri 22 da asuba. A haka ƙwai suna daɗewa, furfurar nan ta cinye su, jarirai kuma su ƙi cin abinci. In za ka yi aiki a lokacin, toshe ɗakin da leda, sa na'urar ɗumama ruwa, ko ka riƙa turo ruwan burtsatse kai tsaye da dare tunda da ɗuminsa yake fitowa, amma ka bar shi ya fantsama ya sha iska. Masu sa garwashi a ɗaki su bar mafitar hayaƙi, don ran mai gadin ɗakin. A bazara kuma matsalar ta juya: tankin sama da ke rana yana iya haura digiri 33, sai a yi masa rumfa.

8. Ciyarwa a mako biyun farko

Kwana uku na farko ba a ba su komai, suna shan ƙunshin gwaiduwar da ke cikinsu. Abincin da ka zuba a lokacin ruɓewa kawai zai yi. A ƙarshen kwana na uku ko safiyar na huɗu za ka ga sun yi baƙi, sun bazu suna neman abinci a gefen tanki. Nan ake farawa.

Abincin farko atimiya ce, ƙwan wani ɗan ƙwaron ruwan gishiri da ake sayarwa a gwangwani. Wadda aka cire wa ɓawo ana jiƙa ta 'yan mintuna a watsa. Ba su kaɗan-kaɗan duk awa uku zuwa huɗu, har da dare, domin tarwada ta fi ci a duhu. Duba cikinsu da fitila: in ya yi ruwan lemo ya ɗan taso, sun ƙoshi. Bayan kwana biyar zuwa bakwai fara gauraya atimiya da garin abincin jarirai mai milimita 0.2 zuwa 0.3, irin na Coppens, Skretting ko Aller Aqua, kana rage atimiyar cikin kwana uku har ka daina. Daga nan 0.5, sai 0.8, gwargwadon buɗewar baki. Canjin abinci farat ɗaya yana sa su daina ci.

Zuƙe dattin ƙasan tanki safe da yamma, kafin ciyarwa. Zuba abin da ka zuƙo a farin kwano ka mayar da jariran da suka biyo. Ragowar abinci da kashi su ke zama amoniya, wata guba a cikin ruwa, kuma ita ce ke kisan da ake wayar gari a ce "ba a san abin da ya faru ba". Alamunta: jarirai sun tsaya a tsaye a saman ruwa, kai sama, ko sun taru a bakin bututun shigar ruwa. In ka ga haka, daina ciyarwa, zuƙe datti, ƙara gudun ruwa, canza rabi da ruwa mai zafi ɗaya da na tankin. Gishiri giram 1 zuwa 2 a kowace lita yana rage musu wahala. Kada ka fara da zuba kafso. Mafi yawan mutuwar wannan lokacin ta ruwa ce, ba ta cuta ba. In an gyara ruwa mutuwa ba ta tsaya ba, kai samfuri wurin jami'in kifi ko likitan dabbobi.

Kowane tanki da tiyonsa da komarsa. In ba hali, a tsoma su a ruwan gishiri mai kauri kafin a kai wani tankin.

9. Tankaɗe da rage cunkoso

Tarwada tana cin 'yar'uwarta. Daga kwana goma zuwa sha huɗu za ka ga wasu 'yan kaɗan sun yi wa sauran fintinkau. Su ake kira shuta. Guda hamsin daga cikinsu suna iya cinye dubbai cikin mako ɗaya ba ka ga gawa ko ɗaya ba, sai dai ka ga tanki yana raguwa. Tsame su da koma da zarar ka gan su, sannan a riƙa tankaɗe duka tankin duk mako, manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban. A yi da sanyin safiya, kafin a ba su abinci, da jiƙaƙƙen hannu.

Duk tankaɗe a ƙara musu wuri. Tankin da ya ɗauki dubu arba'in a makon farko ba zai ɗauki rabin haka ba a mako na uku. Mai kududdufin ƙasa ya zuba farar ƙasa, ya sa taki mako ɗaya kafin ya saki jarirai don ruwan ya yi kore, ya kewaye da raga ƙasa da sama, domin kwaɗi da talibambam da guza da tsuntsaye duk suna jira.

A mako huɗu zuwa shida suna kai santimita 3 zuwa 5, girman da ake kira fingalin. Ƙarin mako biyu zuwa huɗu su kai tsawon yatsa ko fiye, masu tsada ke nan, amma sun ci ƙarin abinci da wuri.

10. Sayarwa

Nemi masu saye tun ranar da ka yi allura, ba ranar da kifi ya isa ba. Duk kwanan da suka ƙara a hannunka abinci suke ci, suna cin juna. Masu kiwo suna lissafin wata huɗu zuwa shida kafin kifi ya kai na kasuwa, don haka mai son sayarwa da azumi ko ƙarshen shekara zai nemi 'ya'ya wata biyar kafin nan. Daidaita allurarka da wannan.

Daina ciyarwa kwana ɗaya kafin ɗauka. Ƙirga ɗari biyar da hannu, auna su a sikeli ko a ƙaramin mazubi, ka yi amfani da wannan awon ga sauran, a gaban mai saye. Ƙara masa gyara don waɗanda za su mutu a hanya. A ɗauka da asuba ko bayan magariba, a jarka da aka yanke samanta, ruwa bai wuce rabi ba. Kada ka sayar wa mutum ƙananan da suka rage bayan tankaɗe uku a matsayin sabbin ƙyanƙyasa. Ba sa girma, kuma labarin yana zagayawa.

11. Lissafin riba

Farashi yana motsi sosai tun 2023 da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi, domin atimiya da abincin jarirai da allura yawanci daga waje ake shigo da su. Don haka alƙaluman kuɗin da ke ƙasa misali ne na yadda ake lissafin. Cire su ka sa na kasuwarku na yau.

Rubuta kuɗin zagaye ɗaya: iyaye, allura, atimiya, abinci na kowane girma, man janareto ko kuɗin wuta, gishiri da kayan gwaji, ladan mai kwana a ɗakin ko da kai ne da kanka, da sufuri. A ce sun tashi naira 340,000. Sai kason gini, wanda kusan kowa ke mantawa. A ce ɗaki da tankuna da famfo sun ci naira 1,500,000, kana sa ran su yi shekara biyar. Zagaye ɗaya mako shida ne da mako ɗaya na wanki da busar da tankuna. In ka cire hunturu, a ce zagaye biyar a shekara, 25 a shekara biyar. Kowane zagaye ya ɗauki naira 60,000. Jimilla 400,000.

Yanzu ɓangaren kifi. Mata biyu masu kilo ɗaya-ɗaya, a ce sun ba da giram 250, wato ƙwai 150,000. A ce kashi 70 sun ƙyanƙyashe: 105,000. In kashi 20 na waɗannan suka kai sayarwa, kana da 21,000, kowanne ya tsaya maka kusan naira 19. In kashi 5 ne suka kai, kana da 5,250, kowanne ya tsaya maka naira 76. Kuɗin da ka kashe kusan ɗaya ne a duka biyun. Kwatanta wannan da farashin fingalin a garinku, nan take za ka ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Akwai hanya ta biyu da ta fi amfani kafin ka fara: raba jimillar kuɗin zagaye da farashin guda ɗaya a kasuwa. Abin da ya fito shi ne adadin da dole ka fitar kafin ka mayar da uwar kuɗi. In farashin naira 40 ne, sai ka sayar da 10,000 kafin ka ga kobo na riba. Tambayi kanka ko ruwanka da tankunanka za su iya raino ninki biyu na wannan adadin, kuma ko kana da masu sayen da za su kwashe shi cikin mako ɗaya. In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, rage girman aikin ko ka ƙara tanki kafin ka ƙara uwa.

Zagaye biyun farko a yi su da mace ɗaya tak, a raba ƙwanta tanki biyu. A ajiye littafi a ɗakin: nauyin uwa, nauyin ƙwai, lokacin allura da na tatsa, zafin ruwa safe da yamma, abincin da aka zuba, gawar da aka zuƙo kowace rana, da adadin da aka ƙirga a kowane tankaɗe. Daga wannan littafin za ka ga ranar da mutuwa ke farawa, ko ranar huɗu ce wajen fara ci, ko ta goma wajen canjin abinci, ko mako na uku wajen cunkoso, kuma matakin da ya dace da ranar shi za ka koma ka gyara kafin allura ta gaba.